Kwamfutar naɗe furotin a Maradi: wacce ta fi dacewa ga mai ƙaramin aljihu da ba ya son ƙara?

Wanda ya yi niyyar ajiye kwamfuta ta musamman domin shirin Folding@home (shirin binciken kimiyya da ke aron ƙarfin kwamfutocin masu sa kai domin nazarin furotin) a Maradi yakan tsinci kansa tsakanin hanyoyi huɗu. Ko dai ya sayi ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi wadda kusan ba ta shan wuta, ko ya tayar da tsohuwar laftof ɗin da ke ajiye a gida, ko ya nemi kwamfutar ofis ta hannu ya sa mata ƙaramin katin hoto (sashen da ake sokawa a kwamfuta domin sarrafa hotuna, wanda shirin ke amfani da shi wajen lissafi), ko kuwa ya daure ya haɗa sabuwa tun daga tushe. Kowace hanya tana da masu yabonta, amma yawancin shawarwarin da ake samu an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, ɗaki kuma yana da sanyi. A garin da rana ke kai digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu kuma ke shiga ta kowace kafa, lissafin yakan fito dabam.

Shirin ya fara ne a watan Oktoba na shekarar 2000 a ɗakin binciken Vijay Pande na jami'ar Stanford da ke Amurka, daga baya Greg Bowman ya karɓi jagorancinsa. Furotin sarƙa ce ta ƙwayoyin amino asid iri 20, kuma ba ta yin aikinta a jiki sai ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman; idan naɗin ya karkace, akan samu cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson da Huntington. Kwaikwayon motsin furotin guda ɗaya yana cin lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka masu binciken ke yanka aikin gunduwa-gunduwa su rarraba wa masu sa kai ta intanet. Kwamfutarka takan sauke ƙunshin aiki, ta lissafa shi, ta mayar da sakamako, a rubuta maka maki. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, jama'a sun shiga shirin da yawa har ƙarfinsa ya haura eksafulof 2 (eksafulof ɗaya lissafi ne biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda), wato ya zarce na kowace babbar kwamfuta da ake da ita a duniya a lokacin. Ya kamata a faɗa tun yanzu cewa shirin ba ya biyan kowa ko dala ɗaya, makin ba kuɗi ba ne, kuma kuɗin wutar daga aljihun mai kwamfutar zai fita.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran duka, shi ne yawan wutar da na'urar ke ja. Wannan kwamfuta ba irin ta ofis ba ce da ake kunnawa da safe a kashe da yamma; tana aiki da dukan ƙarfinta dare da rana. Na'urar da ke jan wat 100 tana cin kilowat-awa 2.4 (abin da mita ke ƙirgawa, kilowat a taƙaice) a awa 24, wato 72 a wata. Farashin kilowat ya danganta da matakin da gidanka yake a takardar NIGELEC, amma idan muka ɗauki faran 100 domin sauƙin lissafi kawai, wannan ya kama jika 7 da ɗoriya duk wata, kusan jika 86 a shekara. Sau da yawa kuɗin wutar shekara biyu yakan kamo kuɗin da aka sayi na'urar ta hannu da shi, har ya wuce. Bayan haka, duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗakin. Mutumin da ke zaune yana hutawa yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, saboda haka ajiye kwamfuta mai wat 120 a ɗakin kwana tamkar ƙara mutum guda ne da ba ya fita ko da rana tsaka. Zafin ne ke sa fankoki su tashi, fankokin ne kuma ke kawo ƙara. Wanda ya rage wat ya rage kuɗin wata da zafi da ƙara gaba ɗaya.

Na biyu shi ne yawan aikin da ake samu. Ana auna shi da makin da na'ura ke tarawa a yini, kuma tsarin makin yana fifita sauri ƙwarai, domin akwai garaɓasa ta musamman ga wanda ya mayar da ƙunshi da wuri. Ana samun wannan garaɓasa ne bayan mutum ya nemi lambar sirri daga shirin, ya kammala ƙunshi 10 da ita, kuma ya ci gaba da mayar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙunshinsa kafin wa'adi. Dalilin fifikon a fili yake: sakamakon ƙunshi ɗaya shi ne mafarin na gaba, don haka ƙunshin da ya makale a hannun wani yana tsayar da layin bincike guda. Katin hoto ya fi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, nisa a wannan aiki, domin yana da dubban ƙananan sassan lissafi da ke aiki lokaci ɗaya, kuma bambancin ba na ninki biyu ko uku ba ne, yakan kai ninki goma zuwa ɗari.

Na uku shi ne juriya ga yankewar wuta da zafi da ƙura. Wutar Maradi tana zuwa ne mafi yawa daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha bayan da Najeriya ta datse ta a watan Agusta na 2023, sai a farkon 2024 aka dawo da ita. Manhajar tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, don haka idan wuta ta tafi takan ci gaba daga ajiyar ƙarshe, amma yankewa ba zato sau da yawa yana iya lalata ajiyar ko faifan adana bayanan da kansa. Sai kuma kuɗin saye, sauƙin samun kayan gyara, da haɗarin a sayar maka da jabu. Batun intanet ba shi da nauyi sosai, domin ana buƙatarta ne kawai lokacin saukewa da mayarwa. Sai dai kati mai sauri da ke gama ƙunshi da dama a yini yana iya cin gigabait masu yawa a wata, abin da mai sayen data na Airtel ko Moov ko Zamani ya kamata ya sa a lissafi.

Raspberry Pi da ƙananan akwatuna

Raspberry Pi 5 ta fito a ƙarshen 2023, mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabait 8 a kan dalar Amurka 80, wato abin da ya kama jika 45 zuwa 50 gwargwadon canji, kafin a ƙara caja da katin ajiya da akwati da kuɗin kawowa. Tana jan kimanin wat 10 idan tana aiki sosai, kuma shirin yana da manhajar da ke tafiya a kanta tun 2020, muddin an sa mata Linux (babbar manhajar sarrafa kwamfuta, kishiyar Windows) mai bit 64. Idan aka sa ta a akwatin alminiyum mai shanye zafi, ba ta da fanka ko ɗaya, ba ta yin ƙara ko kaɗan, kuma ƙaramin batirin sola ya isa ya riƙe ta har gari ya waye. Wajen shiru da sauƙin kuɗin wata babu mai kama ƙafarta.

Matsalar ita ce aikin da take yi ɗan kaɗan ne. Makinta na yini a dubbai ake ƙirga shi, alhali katin hoto matsakaici yana tara dubban ɗaruruwa ko miliyoyi. Ƙunshi ɗaya yana iya ɗaukar ta yini guda ko fiye, ke nan idan ta rasa wuta ko zafi ya sa ta rage gudu, wa'adin na iya cika kafin ta gama, a miƙa aikin ga wani, wahalarta ta tashi a banza. A zafin bazara akwati maras fanka ba ya wadatar da ita, dole a sa ƙaramar fankar da aka yi mata, wadda ke da ɗan sauti siriri. Katin ajiyarta kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan wuta na yawan tafiya. Ba kasafai ake samunta a shagunan gari ba, sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano ko waje.

Ƙananan akwatuna masu furosesa Intel N100 suna ɗan gabanta. Suna jan wat 15 zuwa 25, aikinsu ya fi na Pi, suna zuwa da faifan SSD, kuma da yawa daga cikinsu suna aiki da bolt 12, abin da ke sauƙaƙa haɗa su da batiri. Duk da haka ajinsu ɗaya ne: furosesa ce kawai ke aikin, kuma babu gurbin da za a sa kati daga baya.

Tsohuwar laftof

Wannan ba sai an daɗe a kanta ba. Fa'idarta biyu ce, ba a kashe kuɗin saye ba, kuma batirinta yana tare ƙananan yankewar wuta. Amma an ƙera laftof ne domin ta yi aiki mai nauyi na ƴan mintuna ta huta, ba ta kwana tana gudu ba. Fankarta ƙarama ce, tana juyawa sau dubbai a minti da sauti mai kaifi wanda ya fi damun kunne da dare, ƙofofin iskarta kuma ƙura kan toshe su cikin ƴan watanni. Batirin litiyom da ke zaune a cike cikin zafi dare da rana yakan kumbura, har a ga allon taɓawa ya fara ɗagowa, kuma wannan haɗarin gobara ne. Ta dace da gwaji na mako ɗaya ko biyu domin mutum ya ga yadda shirin ke tafiya, a rage ƙarfin manhajar zuwa rabi, a ɗora ta a kan abin da zai bar iska ta bi ta ƙarƙashi. Wanda laftof ɗinsa ita ce ta karatu ko ta sana'a, kada ya sa ta wannan aiki.

Kwamfutar ofis ta hannu da kati maras igiyar wuta

A nan ne mai ƙaramin ƙarfi zai fi samun abin da yake nema, kuma a nan ne aka fi yin kuskure wajen saye. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya kwamfutocinsu duk bayan ƴan shekaru, tsofaffin kuma su gangaro kasuwanninmu: Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ana samunsu a wurin masu gyaran kwamfuta a gari, waɗanda ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya kuma suna kawo su daga titin Beirut na Kano. An ƙera su domin su yi shekaru suna aiki ba tare da damun ma'aikata da ƙara ba. Furosesa Core i3 ko i5 ta ƙarni na shida ko na bakwai da RAM gigabait 8 sun wadatar, domin aikin furosesar a nan shi ne ciyar da katin hoto kawai, kuma sashe ɗaya nata ya isa haka. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na takwas a hukumance, irin waɗannan na'urori sun rage daraja a wurin masu ofis. Mai naɗe furotin bai damu da wannan ba, domin Ubuntu ko Linux Mint, nau'o'in Linux, kyauta ne, kuma katunan Nvidia sukan ba da maki kaɗan fiye a kansu.

Abin da ke iyakance zaɓin kati shi ne akwatin wutar na'urar, wato sashen da ke karɓar kuran daga bango ya rarraba wa sassanta. Yawanci ƙarfinsa wat 180 ne zuwa 290, ba shi da igiyar da manyan katuna ke buƙata, kuma a samfura da yawa mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba a iya musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Gurbin PCIe da ake soka kati yana ba da wat 75, don haka dole a nemi katin da wannan ya ishe shi. Uku ne aka fi sani. GTX 1050 Ti ta 2016 ta tsufa, a ɗauke ta kawai idan ta zo da araha ƙwarai. GTX 1650 ta fito a 2019 a kan dalar Amurka 149, kuma ta hannu tana da sauƙin samu, sai dai a lura wasu samfuranta suna neman igiya. RTX 3050 mai gigabait 6, wadda ta fito a farkon 2024 a kan wajen dalar Amurka 170, tana jan wat 70 kuma ta fi sauran biyun aiki. Kada a rikita ta da ƴar'uwarta mai gigabait 8, wadda ke jan fiye da wat 100 kuma dole sai da igiya.

Girman akwati ma abin dubawa ne da ido kafin a biya. Siriran akwatunan da ake kwantarwa a kan tebur ba sa ɗaukar kati sai gajere, kuma a wasu samfuran Dell gurbin katin yana manne da akwatin wuta, har kati mai kauri ya ƙi shiga, ko ya shiga fankarsa ta rasa inda za ta ja iska. Akwai ma waɗanda kamfanin ya rubuta wa gurbin iyakar da ta gaza wat 75. Gajerun katunan kuma fankokinsu ƙanana ne, masu kuka idan sun yi zafi. Saboda haka na fi ba da shawarar akwati mai tsayi, wanda ake jingina shi a tsaye: yana ɗaukar kati mai cikakken tsayi da fankoki biyu manya, akwatin wutarsa ya fi ƙarfi, kuma akwai wurin ƙara fanka a baya. Babbar fanka mai milimita 120 da ke juyawa a hankali tana tura iskar da ƙarama ba ta iya turawa sai ta yi gudu sosai, kuma daga gudun ne ƙarar ke fitowa.

Gaba ɗaya irin wannan haɗi yana jan kimanin wat 110 zuwa 130, idan aka hana furosesar yin nata naɗin. Wannan hanin yana da muhimmanci, domin tsohuwar i5 za ta ƙara wat 40 ko 50 da zafi mai yawa a kan makin da bai taka kara ya karya ba.

Haɗarin saye na gaske ne. Akwai katunan jabu da aka sauya wa suna a ciki, musamman masu ɗauke da sunan GTX 1050 Ti alhali tsohon kati ne na shekarun baya. Ƙaramar manhajar GPU-Z takan tona su, kuma katin wannan aji da aka ga yana da mahaɗin VGA mai launin shuɗi abin zargi ne. A nemi mai shago ya kunna na'urar da katin a ciki, a sa ta aiki mai nauyi na rabin awa, a ga zafin bai wuce digiri 80 ba, a saurari fanka ko tana gurnani. Za a kuma yi ta tallata maka RX 580 da araha, domin ta cika kasuwa bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a watan Satumba na 2022. Tana jan wat 185, tana buƙatar igiya, kuma da yawa sun shekara suna gudu ba hutu, don haka ba ta dace da wannan manufa ba komai araharta.

Haɗa sabuwa da RTX 4060

Wannan ita ce mafi tsada a ranar saye. Katin kaɗai ya fito a 2023 a kan dalar Amurka 299, abin da ya kai jika 170 ko fiye kafin kuɗin kawowa da na duwan, sannan ga babban allon da ake dasa duk sassa a kansa da furosesa da RAM da akwati da akwatin wuta. Amma wanda ya kalli aikin da kowane wat ke haifarwa zai ga ita ce ta fi kowacce arha. Katin yana jan wat 115, wato bai kai ninki biyu na GTX 1650 ba, makinsa kuwa a miliyoyi ake ƙirga shi a yini, ninki da dama na nata. Bugu da ƙari, ana iya sa masa iyakar wuta da umarnin nvidia-smi a Linux ko da MSI Afterburner a Windows. Idan aka saukar da shi zuwa kashi 80 cikin ɗari, abin da ake rasawa na maki kaɗan ne, amma zafi da ƙara sukan ragu a fili. Wannan dabara tana aiki a yawancin katunan Nvidia, kuma a Maradi ya kamata ta zama abu na farko da za a yi bayan kunnawa.

Tun da kai ne ke zaɓar kowane sashe, shirun yana hannunka: akwati mai raga a gaba, fankoki biyu ko uku masu milimita 120 ko 140, furosesa mafi ƙanƙanta da aka samu, da akwatin wuta na wat 450 zuwa 550 mai tambarin 80 Plus (shaidar rashin ɓarnar wuta) daga kamfani sananne. Kada a yi tsumulmula a akwatin wuta, domin shi ne ke karɓar duk hawa da saukar kuran, kuma maras kyau idan ya ƙone yakan tafi da katin. Akwai hanyar tsakiya mai kyau, wato a sayi allo da furosesa da RAM na hannu, a sayi kati da akwatin wuta sababbi. Babban haɗarin wannan zaɓi shi ne an tara kuɗi mai yawa a abu guda, kuma garantin kamfani da wuya ya yi amfani ga wanda ya yi saƙon kati daga Dubai ko Faransa.

| Zaɓi | Wuta (wat, kimanin) | Kilowat a wata | Maki a yini | Ƙara | Kuɗin saye | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Raspberry Pi 5 | 10 | 7 | dubbai | babu, ko kaɗan | kaɗan | wuce wa'adi, lalacewar katin ajiya |
| Akwatin N100 | 15 zuwa 25 | 11 zuwa 18 | dubbai gomomi | kaɗan | kaɗan zuwa matsakaici | ba a iya ƙara kati |
| Tsohuwar laftof | 30 zuwa 60 | 22 zuwa 43 | dubbai gomomi | mai kaifi | babu | kumburin batiri |
| Ta ofis da kati mai wat 70 zuwa 75 | 110 zuwa 130 | 80 zuwa 95 | dubban ɗaruruwa | matsakaiciya | matsakaici | katin jabu, akwatin da bai dace ba |
| Sabuwa da RTX 4060 | 130 zuwa 170 | 95 zuwa 120 | miliyoyi | kaɗan, idan an tsara | mai yawa | asara babba idan wuta ta ƙona |

Abin da ke biyo bayan saye

Zaɓi biyu na ƙarshe suna buƙatar kariya daga wuta, kuma kuɗinta yana cikin farashin gaskiya. Ondilar, wadda wasu ke kira UPS, ba za ta riƙe kwamfuta mai wat 120 na awanni ba. Amfaninta shi ne ta tare ƙiftawar wuta, ta ba na'urar damar kashe kanta da tsari, ta kuma daidaita ƙarfin kuran idan tana da wannan sashe. Batirinta na dalma ba ya son zafi, don haka a sa ran sauya shi da wuri fiye da yadda takardarsa ta nuna. A cikin BIOS, wato saitin tushe da ake shiga lokacin kunna na'urar, akwai wurin da ake umartar kwamfuta ta kunna kanta idan wuta ta dawo, a Dell sunansa AC Recovery, kuma idan ba a kunna shi ba na'urar za ta kwana a kashe bayan yankewar minti biyar. Da damina, idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare filogi gaba ɗaya.

Masu sola su yi lissafi kafin su yi murna. Wat 120 na awa 12 na dare ya kama kilowat 1.44, alhali batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2.4 ne a rubuce, kuma rabinsa kawai ake sha idan ana son ya daɗe. Ke nan batiri guda ba zai kai kwamfutar ofis asuba ba, ko da ba a kunna fitila ko fanka ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar ta ta yi aiki da rana lokacin da faifan sola ke da rarar wuta, a dakatar da ita da yamma. Kati mai sauri yakan gama ƙunshinsa cikin ƴan awanni, don haka rabin yini bai hana shi cika wa'adi ba. Manhajar ma tana da umarnin da ke sa ta gama abin da ke hannunta ta tsaya ba tare da ɗaukar sabo ba.

Ƙura kuwa sai an yi mata shiri na musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. A ɗaga na'urar daga ƙasa zuwa kan tebur, a bar taƙi guda tsakaninta da bango, a rufe ƙofar shigar iska da ƙyallen gidan sauro ninki biyu wanda za a cire a kakkaɓe duk mako. Idan aka buɗe kwamfutar da ta yi hunturu guda ba tacewa, akan tarar da jar ƙura ta yi tabarma a kan haƙoran ƙarfen katin har ba a ganin tsakaninsu, fanka tana ta juyawa amma iska ba ta wucewa. Wasu sukan kai ta wurin mai faci ya hura mata iska da injinsa. Hakan yana fitar da ƙurar, amma a riƙe fankoki da yatsa kada iskar ta juya su fiye da ƙima, a kuma fara hura iskar a gefe domin injin yakan tofo ruwa. Tsaka da kyankyaso suna son ɗumin akwatin wuta, shi ya sa bai kamata a bar murfi a buɗe da sunan shan iska ba. Duk da ƙurar, hunturu ne lokacin da na'urar ta fi sakewa, domin da asuba sanyi kan sa fankoki su kusan yin shiru. A bazara kuwa, katunan Nvidia sukan fara rage gudu da kansu idan sun kai wajen digiri 83, don haka a ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska ya fi kyau a dakatar da aikin daga azahar zuwa bayan la'asar.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibi, misali na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo, wanda burinsa ya koyi Linux ya kuma ga yadda ake rarraba lissafi, kuma yake kwana ɗaki ɗaya da na'urar, Raspberry Pi ko akwatin N100 sun ishe shi, muddin ya san gudunmawarsa ga binciken ƙarama ce. Haka ma wanda gidansa ke kan ƙaramin sola kuma ba shi da rarar da ta wuce wat 20 da dare. Wanda bai tabbata zai ɗore ba ya gwada da tsohuwar laftof na ƴan kwanaki, ya duba abin da mitar gidansa ta nuna, kafin ya kashe ko jika ɗaya.

Mai kuɗin saye kaɗan da ke iya ɗaukar ƙarin kilowat 80 zuwa 95 a wata, kuma yake da falo ko shago ko wani ɗaki dabam da na kwana, ya nemi kwamfutar ofis mai akwati a tsaye ya sa mata RTX 3050 mai gigabait 6, ko GTX 1650 idan bambancin farashin ya yi yawa. Wanda ya yi niyyar shekara uku ko fiye, ko makaranta ko cibiyar koyar da kwamfuta mai babban sola da wutar rana ke zuba a banza, RTX 4060 da aka sa wa iyakar wuta ta fi masa, domin kuɗin watansa bai fi na kwamfutar ofis da yawa ba, aikin da zai mayar wa masu bincike kuwa ya ninka sau da dama. Idan kuma akwai kwamfutar tebur a gida mai akwatin wuta na kirki da igiyar kati, sayen katin kaɗai da ondilar ya wadatar, ba sai an haɗa wata sabuwa ba.